Maƙalar Mako: Daga Zafin Sakkwato Zuwa Sanyin Jos



Duk wanda ya taɓa yin watan Afrilu a birnin Shehu ba sai an yi masa bayanin zafi ba. Ma'auni kan haura digiri 40 tun kafin azahar, ruwan randa ya koma kamar an sauke shi daga murhu, da dare kuma kowa ya ja tabarma tsakar gida yana jiran iskar da ba ta zuwa sai gab da asuba. A irin wannan lokaci ne ake jin magidanci mai ɗan hali yana cewa da ma ya kwashi iyali su je Jos su yi mako guda. Galibi maganar a baki take ƙarewa. Amma ita wannan magana, ta hawa tudu da mata da yara don a huta, tana da tarihinta, kuma ba mai tsawo ba ne a wurinmu. Mu da muke son rubuta labarin mutanenmu ya kamata mu san shi, tunda babu wanda ya kai jaruman littattafanmu yawan tafiya hutu.

A Hausar kakanninmu kowace tafiya tana da suna. Akwai fatauci, irin na masu jakuna da ke zuwa Gwanja sayo goro. Akwai cin rani, akwai tafiya neman karatu, akwai ziyara irin wadda har gobe take kawo baƙi Hubbaren Shehu. Akwai zumunci, da biki, da gaisuwar rasuwa, sai kuma babbar tafiya, wato hajji ta ƙasa, wadda kan ci shekaru. Wanda ya fita ba da ɗaya daga cikin waɗannan ba, an ce ya tafi yawon duniya, kuma wannan ba yabo ba ne. Ko yau, je ka gaya wa dattijo a Gidaɗawa ko Kanwuri cewa za ka wani gari don ka ji sanyi ka dawo. Abin da zai fara tambayarka shi ne: "Mi za ka yi can? Wa gare ka?"

Gaskiya ne sarakunanmu na farko sukan bar birni su zauna wani wuri. Muhammadu Bello, wanda ya kafa Sakkwato a 1809 a kan tudun da ke kallon mahaɗar gulbin Rima da gulbin Sakkwato, daga baya ya gina Wurno ya koma can, a can ya rasu a 1837, a can kuma kabarinsa yake. Lokacin da Bajamushe Barth ya iso ƙasar nan a 1853, Wurno ce mazaunin Sarkin Musulmi Aliyu Babba. Sai dai Wurno ribaɗi ce, zaman tsaron iyaka ne saboda Gobirawa da sauran masu kawo hari. Kada wani ya rubuta labarin tarihi ya mayar mana da ita gidan shaƙatawar sarki.

Manyan duwatsun da Basakkwacen wancan zamani ya sani, ko da a baki, su ne na Azbin. Shehu Usmanu da kansa yana matashi ya bi malaminsa Malam Jibrilu ɗan Umar har Agadas. Daga can ayarin raƙuma ke saukowa da gishiri da dabino, kuma dutsen Bagazam, wanda tsayinsa ya kai mita 2,000, sunansa ya shigo bakin Hausawa ne ta hanyar dokin da ake alfahari da shi. Karatu da ciniki ke kai mutum Azbin.

Batun tafiya da iyali kuwa ya fi nauyi. Bayan Turawa sun ci Sakkwato ranar 15 ga Maris 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya nufi gabas, dubban mutane suka bi shi, maza da mata da yara. An kashe shi a Burmi a watan Yulin shekarar, ragowar jama'ar suka ci gaba ƙarƙashin ɗansa har Sudan, inda garin Mai Wurno yake a bakin kogin Nilu har yanzu. Wannan shi ne hoton da ke kan tsofaffinmu idan aka ce mutum ya kwashi gidansa kaf ya kama hanya: ko hijira, ko hajji, ko yunwa.

To daga ina hawa tudu don hutu ya zo mana? Daga tsoron da Bature yake yi wa zafinmu. Hugh Clapperton ya zo Sakkwato a 1824, ya sake dawowa a 1826, ciwo ya kwantar da shi, ya mutu a nan a watan Afrilun 1827, yaronsa Richard Lander ya binne shi a wajen gari. Irin wannan mutuwa ta yi wa Turawa yawa a ƙasashen zafi, har suka yi imani cewa jikin farar fata ba ya jure zaman kwari, sai an riƙa kai shi inda iska ke da sanyi kuma sauro ya yi ƙaranci. A Indiya suka mayar da wannan imani tsarin mulki. A 1864 suka ayyana garin Simla, wanda ke kan tsaunukan Himalaya sama da mita 2,000, a matsayin hedikwatar bazara, duk shekara gwamnati ta tattara takardu da magatakarda ta hau dutse har zafi ya wuce. Lugga, wanda ya ci ƙasarmu, a Indiya aka haife shi a 1858, a can kuma ya yi aikin soja, don haka ba baƙon wannan al'ada ba ne.

(Don adalci, ba Turawa kaɗai suka san daɗin tudu ba. Mutanen Makka sun daɗe suna hawa Ɗa'if idan zafi ya tsananta, masu hali a cikinsu har gonakin inabi suke da su a can. Amma mu ba ta wannan hanya al'adar ta iso mu ba.)

A Arewa, inda Turawa suka samu abin da ya yi kama da Simla shi ne tudun Jos, mai tsayin kimanin mita 1,200, alhali Sakkwato ba ta wuce mita 300 ba. Amma ba sanyi ya fara kai su can ba, kuza ce. Tun kafin zuwansu maƙeran Liruwe suna narka kuza suna sayar da ita sanda-sanda a kasuwannin ƙasar Hausa. Kamfanin Neja ya bi sawun wannan haja har ya gano tushenta, daga farkon shekarun 1900 kamfanonin haƙa suka cika ƙasar Birom da Anaguta da Afizere. Aka shimfiɗa siririn layin dogo daga Zariya, ya isa Jos da Bukuru a 1914, babban layi kuma ya iso ta Kafanchan a 1927. Da Turawa suka taru da yawa a wuri mai sanyi, sai sauran abubuwa suka biyo: filin folo, filin golf a Rayfield, cibiyar binciken dabbobi a Vom, makarantun 'ya'yan Turawa, gidan hutun 'yan mishan a Miango, da masaukin Hill Station a cikin gari. Jami'in mulki yakan yi shekara ɗaya ko ɗaya da rabi a bakin aiki kafin a ba shi dogon hutu zuwa Ingila. A tsakani, idan jiki ya gaji ko likita ya ba da shawara, Jos ake turo shi.

Duba yadda hanyar take daga nan. Jirgin ƙasa bai taɓa zuwa Sakkwato ba. Layin da ya taso daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya tsaya a Ƙaurar Namoda a 1929. Wato Baturen da ke aiki a Sakkwato sai ya shiga mota zuwa Gusau, ya hau jirgi zuwa Zariya, sannan ya canja zuwa ƙaramin jirgin da ke hawa tudu a hankali, wanda aka rufe a 1957. Idan akwai Basakkwacen da ya shiga masaukin Turawa a Jos a wancan lokaci, ta ƙofar baya ya shiga, yana kuku ko boyi ko direba.

Talakan lardin Sakkwato shi ma yana barin gida a wannan lokaci na shekara, kuma da yawan gaske. A ranin 1952 zuwa 1953 wani masanin ƙasa, Mansell Prothero, ya jagoranci ƙidayar masu fita cin rani a mashigan lardin, aka ƙirga mutum sama da dubu 200 a rani guda. Wasu sun nufi ƙasar Yarbawa, wasu Gwalkwas, wato Ghana ta yau, wasu kuma filin kuza. Maza ne kusan dukkansu. Mata da yara da tsofaffi su ne ke zama su sha zafin da rumbu rabi. Abin da ke kai su shi ne kuɗin haraji, da kuɗin aure, da rage bakin da ke cin hatsin gida kafin damina.

Sai yaƙin duniya na biyu ya zo da abin da ya fi cin rani muni. A farkon 1942 Japan ta ƙwace Malaya, babbar mahaƙar kuza ta daular Ingila. Gwamnatin mulkin mallaka ta juyo kan tudun Jos, ta ce lallai a ƙara haƙa, kuma tunda masu zuwa da kansu ba su isa ba, sai a ɗebo mutane dole. Daga 1942 zuwa 1944 aka riƙa raba wa lardunan Arewa adadi, lardi ya raba wa hakimai, hakimi ya raba wa dagatai, dagaci ya nuna gidan da za a ɗauki mutum. Mutane suka sa wa abin suna diban gwamna. Dubun dubatar manoma aka kai, aka zuba su a bukkokin da aka yi cikin gaggawa, abinci bai isa ba, mayafi bai isa ba, aikin kuma cikin ruwa da laka ake yinsa. Da hunturu sanyin tudun kan sauka ƙasa da digiri 10, da damina kuma ga ruwa ga hazo. Mutumin da ya taso a kwari, da 'yar taguwa ɗaya a jikinsa, ciwon haƙarƙari ke kama shi. Da yawa sun mutu, da yawa sun gudu da ƙafa, har maganar ta kai majalisar Ingila kafin a dakatar da tsarin. Iskar da likita ke rubuta wa Bature a matsayin magani, ita ce ta kashe leburan da ke haƙa a bayan masaukinsa, a shekara ɗaya, a tudu ɗaya. A ganinmu duk marubucin Hausa da zai kai jarumansa Jos shan iska, ko bai ambaci wannan a labarinsa ba, ya kamata ya san a kan wace ƙasa ya ajiye su.

Bayan samun 'yanci a 1960, ma'aikacin gwamnati ɗan ƙasa ya gaji kujerar Bature, ya gaji gidansa na unguwar Turawa, ya gaji hutun shekara da kuɗin hutu da gidajen saukar baƙi na gwamnati. Abin da bai gada ba shi ne inda ake kai hutun. Shi ƙauyensu yake tafiya, ya duba gona, ya gai da tsofaffi, ya raba abin da ya samu, ya dawo aiki a gajiye fiye da yadda ya tafi. Sai a tsakiyar shekarun 1970 abubuwa suka ɗan sauya: kuɗin mai ya shigo, aka biya ƙarin albashin Udoji, kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975, aka yi tituna. Malamin makaranta ma ya iya sayen mota ya zuba iyali a baya. Jos kuma tana da abin nuna wa yara. Akwai gidan tarihin da Bernard Fagg ya buɗe a 1952, inda aka ajiye kawunan yumɓu na Nok waɗanda masu haƙar kuza suka tono. Akwai gidan namun daji kusa da shi, da babban gandun dabbobi da aka kafa a 1972 zamanin Gwamna Joseph Gomwalk. Akwai filin gine-ginen gargajiya, inda aka kwaikwayi ganuwar Kano da tsohon masallacin Juma'a na Zariya. Daga baya masu shirya finafinan Hausa suka gano duwatsun Shere da magangarar ruwan Assop, har yaron da bai taɓa wuce Talatar Mafara ba ya san kamannin Jos daga waƙoƙin fim.

Wani abin da ba mu cika lura da shi ba: ƙirƙirar jihohi ta raba Sakkwato da 'yan duwatsun da take da su. A jihar Arewa maso Yamma ta 1967 da jihar Sakkwato ta 1976, tuddan Zuru namu ne, dutsen Kwatarkwashi da duwatsun Tsafe namu ne. Zuru ta tafi da Kebbi a 1991, sauran suka tafi da Zamfara a 1996. Aka bar mu da fadama da dam ɗin Goronyo da kufan Surame. Wani wurin kuma da sunanmu ya je amma ƙafarmu ba ta cika zuwa ba shi ne Mambila. Bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1961, yankin Kamaru ta Arewa ya shigo Nijeriya aka sa masa suna lardin Sardauna, saboda Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello. Har yau ƙaramar hukumar da Gembu take sunanta Sardauna. Ta fi Jos tsayi da sanyi, ga gonakin shayi, amma daga nan tafiyar kwana biyu ce ga mai sauri.

Sannan aka shiga shekarun da kowa ya sani. Rikicin Satumban 2001, gobarar babbar kasuwar Terminus a 2002, rikicin Nuwamban 2008, na Janairun 2010. An kashe Musulmi, an kashe Kirista, gardamar wane ne ɗan gari wane ne baƙo, wadda tushenta ke komawa ga zamanin kuza, ta raba birnin unguwa-unguwa. A watan Agustan 2021 an tare matafiya a hanyar Rukuba aka kashe su. Kafin mu nuna wa kowa yatsa, a watan Disambar 2021 aka ƙona motar matafiya da mutane a ciki a yankin Sabon Birni, a jiharmu. Yanzu magidancin da ke lissafin zuwa Jos ba ƙarshen hanyar kaɗai yake tsoro ba, har da farkonta.

Mu zauna da shi mu ga lissafin. Tafiyar ta haura kilomita 600: Talatar Mafara, Gusau, Tsafe, Funtuwa, Zariya, sannan Pambeguwa, Saminaka, Jengre, a hau tudu. Rabin farko na wannan jeri sunaye ne da aka saba ji a labaran 'yan bindiga, don haka ba a fita da asuba sosai, ba a bari yamma ta yi a hanya, kuma mai hankali zai kwana a Zariya ya raba tafiyar biyu. Mai kuɗi yakan hau jirgin sama zuwa Abuja, ya ɗauki mota ta Keffi da Akwanga ya hau ta Hawan Kibo, sai dai kuɗin kujera shida ya isa ya kashe maganar tun a ɗaki. Sai batun lokaci, wanda shi ma gadon tarihi ne. Dogon hutun makaranta yana faɗowa daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, daidai da bazarar Ingila. A lokacin Sakkwato ta yi ruwa ta huce, Jos kuwa ruwa ne kusan kullum da hazo. Watan da muke bukatar tudu, Afrilu, 'yan makonni kaɗan ake ba yara. Sai masauki: a wace unguwa, kusa da wane masallaci, wa zai gaya maka inda ba a bi idan gari ya ɗauki zafi? A nan tambayar dattijon nan ta "wa gare ka can" take dawowa da ma'anar da ba ta raini ba. Sai rigunan sanyi na yara, waɗanda a gidajenmu sai an tono su daga ƙasan akwati. Sai izinin Hajiya, wadda ba ta ga dalilin da za a ɗauki jikokinta a bi da su ta Tsafe don kallon dutse ba, kuma da wuya a ce ba ta da gaskiya.

Yanzu ku kwatanta wannan da yadda muke rubuta hutu a littattafanmu na waya. An ɗaura aure a babi na talatin, a babi na talatin da ɗaya ango da amarya suna Dubai ko Turkiyya, babu wanda ya nemi biza, babu wanda ya ji tsoro, babu uwar da ta hana, otal ɗin kuma ba shi da wani kamanni sai "haɗaɗɗe". Ba laifi ba ne mai karatu ya yi mafarki. Amma wurin da marubuci bai sani ba, ba ya iya sa mai karatu ya ji ƙamshinsa, shi ya sa duk waɗannan biranen suke zama gari ɗaya a rubutunmu. Rubutun tafiya kuwa ba baƙo ba ne a adabinmu. Abubakar Imam ya je Ingila a 1943 ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi, Malam Aminu Kano ya rubuta Motsi Ya Fi Zama, Waziri Junaidu na nan gida ya bar labaran tafiye-tafiyensa da Larabci. Dukkansu sun je, sun gani, sun auna abin da suka gani da gida.

Gidan ma'aikaci a Mabera ko Arkilla da ke shirin kwana biyar a Jos ya ishi gajeren labari, ko da motar ba ta tashi ba. Uwargida tana so, don ita ce ke tsaye gaban murhu a watan Afrilu. Maigida yana lissafin mai da masauki yana ɓoye tsoronsa. Yara sun riga sun gaya wa 'yan ajinsu. Hajiya ta ce a'a, sai a tsakiyar labari a gane cewa wan mahaifinta yana cikin waɗanda dagaci ya nuna a 1943, kuma ba a ga ko rigarsa ba. Idan kuma motar ta tashi, akwai wurin da ke bayan Saminaka inda hanya ta fara hawa, kunne ya toshe, yaron da aka haifa a Sakkwato ya ce a rufe gilashi yana jin sanyi da rana tsaka.

Mai son ya rubuta wannan da gaske, kayan aikinsa na farko suna cikin gidajenmu. Waɗanda aka ɗiba a 1942 da wuya a samu mai rai a cikinsu yanzu. 'Ya'yansu da ƙannensu ne suka rage, waɗanda suka ji labarin bukkoki da sanyi da gudu daga bakinsu, kuma su ma mafi yawansu sun haura saba'in.